Tambayoyi da Amsoshi kan Na'urorin Gida Masu Haɗe da Intanet: Sirrin Iyali da Abin da Doka Ta Tanada

Shekaru kaɗan da suka wuce, abin da yake shiga intanet a cikin gida bai wuce waya da kwamfuta ba. Yanzu kuwa talabijin da kyamarar ƙofar gida da agogon hannu da inbatar sola, har da na'urar bin sawu da ake ɓoyewa a jikin mota, duk suna aika bayanai waje ba dare ba rana, kuma sau da yawa mai gidan bai san abin da suke aikawa ba, balle ya san wanda yake karɓa. Tambayoyin da ke ƙasa sun haɗa da waɗanda masu saye suka saba yi da waɗanda ya kamata su yi kafin su biya kuɗi.

Waɗanne na'urori ake nufi?

Ana nufin duk wani kayan amfani da aka sanya wa ƙaramar kwamfuta a ciki, tare da abin ji ko gani ko auna wani abu, aka kuma ba shi hanyar shiga intanet, ko ta Wi-Fi, ko ta Bluetooth ya bi ta wayar mai shi, ko ta layin waya da aka saka masa. Alamar da ta fi sauƙin ganewa ita ce, idan aka ce sai mutum ya sauke manhaja a waya ya buɗe asusu kafin kayan ya yi aiki yadda ya kamata, to yana cikinsu.

Abin da ya sa haɗarinsu ya bambanta da na waya shi ne yadda ake mantawa da su. Waya tana hannu kullum, tana sanar da mai ita idan an sabunta manhajarta, kuma bayan 'yan shekaru ana canza ta. Kyamarar da aka ɗaura a saman katanga kuwa tana iya shafe shekaru tana aiki da manhajar da ta zo da ita daga masana'anta, ba wanda ya sake dubanta tun ranar da aka sauko daga tsani.

Wane irin bayani suke tattarawa, kuma ina yake zuwa?

Yawancinsu ba sa ajiye abin da suka ji ko suka gani a cikin gida. Suna tura shi ne zuwa rumbun kwamfutocin kamfanin da ya ƙera su, ko na wani kamfani da ya yi hayarsa, galibi a wata ƙasa, daga can ne kuma yake dawowa wayar mai shi. Ke nan hoton tsakar gidan da mutum yake kallo a wayarsa daga kasuwa ya riga ya ratsa ta hannun wasu kafin ya iso gare shi.

Shari'ar kamfanin talabijin na Vizio a Amurka ta nuna iyakar da abin yake iya kaiwa. A watan Fabrairun 2017 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 2.2, bayan hukumar kare masu saye ta ƙasar, wato FTC, da jihar New Jersey sun zarge shi da sanya manhaja a talabijin miliyan 11 wadda take ɗaukar abin da ke kan fuskar talabijin daƙiƙa bayan daƙiƙa, tana gane shirin da ake kallo, sannan a haɗa wannan da bayanan shekaru da jinsi da kuɗin shiga na mutanen gidan a sayar wa masu talla. Masu talabijin ɗin ba su san ana yi ba. Motoci ma sun bi sahu: a watan Satumbar 2023 gidauniyar Mozilla ta binciki manufofin sirri na kamfanonin mota 25, babu ko ɗaya da ya haye, kuma a 2024 aka gano cewa bayanan tuƙin masu motocin General Motors, irin su gudu da taka birki da ƙarfi, suna isa ga kamfanonin da ke sayar wa masu inshora rahoto.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne bayanin da ba ya kama da sirri idan aka dube shi shi kaɗai. Lokacin da aka kunna fitila, ko yawan wutar da inbata ta bayar da tsakar dare, ko adadin takun da agogon hannu ya ƙirga, ba wanda zai ce abin ɓoyewa ne, amma idan aka tara na wata shida, sai ya bayyana lokacin da mutanen gida suke tashi, da ranakun da gidan yake zama ba kowa, da hanyar da mutum yake bi kowace safiya. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya lura cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa, wadda ta tattara hanyoyin da masu amfani da ita suke gudu, ta zana iyakokin sansanonin soja a Afganistan da Siriya ɓaro-ɓaro, saboda sojojin suna atisaye da agogunansu a hannu. Ba wanda ya yi kutse a wannan lamari; kamfanin da kansa ya wallafa, bayanan kuma sojojin da kansu suka bayar ba tare da sun yi tunanin abin da zai fito idan an haɗa su ba.

Da gaske ne lasifika mai amsa umarni tana sauraren hirar mutanen gida?

Makirufonta a buɗe yake koyaushe, domin in ba haka ba ba za ta ji an kira sunanta ba. Yadda kamfanonin suka tsara shi ne na'urar ta riƙa sauraro a cikin kanta, tana zubar da abin da ta ji, sai ta ji kalmar da ake tashinta da ita sannan ta fara turawa waje. Matsalar ita ce tana yin kuskure, ta ji wata kalma mai kama da sunanta a cikin hira ko daga talabijin, ta ɗauki maganar da ba da ita ake yi ba. A 2018 wata lasifikar Amazon a birnin Portland na Amurka ta naɗi hirar miji da mata, ta kuma aika wa wani da lambarsa ke cikin wayar mijin.

A 2019 ne asirin ya tonu sosai. A watan Afrilu kafar Bloomberg ta ruwaito cewa Amazon yana da ma'aikata da ke sauraren wani kaso na muryoyin da Alexa, manhajar da ke cikin lasifikarsa, ta naɗa don su gyara fahimtar manhajar. A watan Yuli gidan talabijin na VRT a Beljiyam ya samu muryoyi fiye da 1,000 daga wani da ke yi wa Google irin wannan aiki, har 'yan jaridar suka iya gane wasu masu muryoyin suka same su a gidajensu, kuma a watan nan jaridar Guardian ta ba da labarin makamancin haka game da Siri, manhajar amsa umarni ta Apple. A watan Mayun 2023 Amazon ya amince ya biya dala miliyan 25 saboda ajiye muryoyin ƙananan yara ba iyaka, har da waɗanda iyaye suka nemi a goge, sannan a farkon 2025 Apple ya amince ya biya dala miliyan 95 don kashe ƙarar da aka kai shi kan naɗar da Siri ta yi ba da izini ba, ko da yake bai amsa laifi ba.

Na sayi kyamara ne don tsoron ɓarayi. Ta yaya abin tsaro zai koma abin tsoro?

Ba a zargin wanda ya kafa kyamara a halin da ake ciki na sace-sace da garkuwa da mutane. Buƙata ce ta gaske. Amma a dubi yadda ake kafa ta a yawancin gidaje. Mai haɗawa ya zo da kwalinsa, ya ɗaura ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a kusurwar tsakar gida inda take hango ƙofofin ɗakuna da madafa da wurin shanya, ya sauke manhajar a wayarsa don ya gwada, ya buɗe asusun da lambarsa, ya sa kalmar sirrin da yake sa wa duk gidan da ya yi wa aiki domin kada ya manta, sannan ya saka wa mai gida manhajar ya nuna masa yadda ake juya kyamarar da ɗan yatsa. An sallame shi ya tafi, asusun kuma yana nan a wayarsa, wayar da gobe za ta iya ɓata, ko ya sayar da ita, ko ƙaninsa ya ara. Gidan da aka rubuta "Ba a shiga" a zaurensa, wanda ko abokin mai gida ba ya wuce shigifa, ya zama kamar an yi masa taga ta baya wadda mutanen ciki ba su san da ita ba.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A watan Mayun 2023 hukumar FTC ta ce wani ma'aikacin kamfanin Ring, mallakar Amazon, ya shafe watanni a 2017 yana kallon dubban bidiyoyin mata masu amfani da kyamarorin kamfanin a ɗakunan kwana da makewayi, kuma ba wani tsari na kamfanin ne ya kama shi ba, wata abokiyar aikinsa ce ta lura. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.8. A watan Maris na 2021 masu kutse sun shiga rumbun kamfanin Verkada suka samu damar kallon kyamarori kimanin 150,000, ciki har da na asibitoci da makarantu da gidajen yari. A watan Fabrairun 2024 wata tangarɗa a kamfanin Wyze ta sa masu amfani kimanin 13,000 suka ga hotuna daga kyamarorin gidajen da ba nasu ba.

Waɗannan kamfanoni ne masu suna da adireshi, shi ya sa ma aka ji labarin aka ci tararsu. Kyamarar da ta fi yawa a kasuwanninmu, irin mai kama da ƙwan fitila da ake ɗaurawa a mazaunin ƙwai, sau da yawa kwalinta ba ya ɗauke da sunan wanda ya ƙera ta, kuma idan irin wannan ya faru da ita babu wanda zai sanar da mai ita. Ra'ayina shi ne kyamara mai shiga intanet ba ta da wuri a ɗakin kwana ko a sashen mata, komai ingancin kamfanin. Idan tsaro ake nema, ƙofa da katanga da wurin ajiye mota sun wadatar.

Ni talaka ne, ba ni da abin da za a sata. Me mai kutse zai yi da na'urata?

Na'urar kanta yake so, da layin intanet ɗin da take kai. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada jerin sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 da masana'antu suka saba sakawa, irin su 12345, a kan kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo da na rarraba intanet, duk wadda ta buɗe sai ta zama baiwarta. Da dubun dubatar irin waɗannan na'urori aka kai hari kan kamfanin Dyn, mai haɗa mutane da adireshin shafukan intanet, a ranar 21 ga Oktoban 2016, aka cika masa layi da buƙatun ƙarya, har Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin mutane a Amurka. Matasa uku da suka rubuta manhajar sun amsa laifinsu a kotu a watan Disambar 2017. Afirka ta Yamma ma ta ɗanɗana: a ƙarshen 2016 wani ɗan Birtaniya ya yi amfani da wani nau'in Mirai ya kai hari kan kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, harin da ya girgiza intanet ɗin ƙasar, kuma a watan Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi watanni 32. Masu kyamarorin da aka yi aikin da su ba su san komai ba, iyakar abin da wataƙila suka lura da shi shi ne intanet ya yi nauyi, data tana saurin ƙarewa.

Akwai kuma na'urorin da suke zuwa da cutar tun daga kwali. Akwatunan kallo masu araha da ake jonawa da talabijin, waɗanda ake tallatawa da alkawarin tashoshi kyauta, sun yi ƙaurin suna a wannan fanni. A watan Disambar 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta katse hulɗar na'urori kimanin 30,000 da ke ɗauke da manhajar da aka laƙaba wa suna BadBox, a watan Yunin 2025 hukumar FBI ta yi gargaɗi a kanta, a watan Yuli kuma Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urori fiye da miliyan 10 ne suka kamu. Ɗaya daga cikin ayyukan da ake sa su shi ne a bi ta layin gidan mutum a aikata damfara, ta yadda idan masu bincike suka bi sawu, adireshin intanet na gidan da ba ruwansa za su tarar.

Na'urar bin sawu da ake sa wa mota ko babur ko adaidaita sahu fa?

Tana da amfani, an sha gano abin hawan da aka sace ta dalilinta, amma duk wanda ya mallaki asusunta ya san inda mai abin hawan yake a kowane lokaci, da gidan da yake kwana, da makarantar da yake sauke yara. A watan Yulin 2022 kamfanin bincike na BitSight da hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, sun yi gargaɗi kan wata ƙaramar tiraka, wato na'urar bin sawu, ta kamfanin MiCODUS, samfurin MV720, wadda take zuwa da lambar sirri 123456, kuma kurakuran da ke cikinta suna iya bai wa baƙo damar bin motar, har ma ya yanke mata mai daga nesa tana cikin tafiya. A yankin da ake tare hanya a sace mutane, wannan ba ƙaramar magana ba ce, don haka wanda ya sa tiraka ya tabbata ya canza lambar da ta zo da ita, ya kuma san ko mai haɗawa ya bar wa kansa hanyar shiga.

Kayan wasa da agogunan yara masu intanet suna da wata matsala ta daban?

Suna da ita, domin yaro ba ya tace abin da yake faɗa. A watan Fabrairun 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta wata 'yar tsana mai suna My Friend Cayla, ta ɗauke ta a matsayin na'urar leƙen asiri da aka ɓoye a cikin abin wasa, ta shawarci iyaye su lalata ta, saboda duk wanda ke kusa da waya yana iya jonawa da ita ta Bluetooth ba tare da wata lambar sirri ba, ya ji yaron ko ya yi masa magana. A watan Nuwamba na shekarar hukumar ta haramta agogunan yara masu bai wa iyaye damar sauraro a ɓoye, bayan ta gano ana amfani da su wajen sauraren malamai a cikin aji.

Wace doka ce take iko da waɗannan na'urori a duniya?

Dokoki iri biyu ne, kuma yana da muhimmanci a bambance su. Akwai dokar bayanai, wadda take magana kan abin da kamfani zai yi da bayanan mutum bayan ya karɓa, fitacciyarsu ita ce GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, mai tarar da take kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Akwai kuma dokar na'ura, wadda take gindaya sharuɗɗan da kaya zai cika kafin a sayar da shi, ita ce ta zo a makare.

Jihar Kalifoniya ce ta fara a Amurka, da dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, wadda ta buƙaci kowace na'ura ta zo da kalmar sirrinta ta daban ko ta tilasta wa mai saye ya zaɓi sabuwa. Gwamnatin tarayyar Amurka ta yi doka a watan Disambar 2020, amma iyakarta kayan da gwamnati take saya wa kanta, tambarin inganci da aka ƙaddamar a farkon 2025 kuma na ganin dama ne. Singafo ma ta ɗauki hanyar tambari tun 2020, mai matakai huɗu. Birtaniya ce ta fito ƙarara: daga ranar 29 ga Afrilun 2024 haramun ne a sayar da na'ura mai kalmar sirri ta gama-gari, dole kamfani ya wallafa inda za a kai masa rahoton ɓaraka, dole kuma ya faɗa wa mai saye mafi ƙarancin lokacin da zai ci gaba da sabunta manhajar tsaro, wanda ya saɓa yana iya biyan fam miliyan 10 ko kashi 4 cikin 100 na cinikinsa. Abin lura a dokar shi ne ta ɗora nauyi a kan mai shigo da kaya da mai rarrabawa, ba ta tsaya ga masana'antar da ke can wata nahiya ba.

Tarayyar Turai ta zarce nan da dokar juriyar kayan dijital da ta shiga kundi ranar 10 ga Disambar 2024. Daga 11 ga Satumbar 2026 kamfani zai riƙa sanar da hukuma cikin awa 24 idan ya gano ana amfani da wata ɓaraka a kayansa, daga 11 ga Disambar 2027 kuma sauran sharuɗɗan za su hau kan kowa, ciki har da kula da tsaron kaya na aƙalla shekara 5, sai dai idan kayan ba mai kaiwa haka ba ne. Ina ganin wannan ita ce hanyar da ta dace, domin mai saye ba shi da yadda zai buɗe kyamara ya tantance manhajarta, kamar yadda ba a sa ran zai auna sinadarin magani kafin ya sha. Wanda ya ƙera da wanda ya shigo da kayan su ne suka san abin da ke ciki.

A Najeriya da Nijar fa, mene ne ke kare mai saye?

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. A kan wannan tushe hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai a watan Janairun 2019, sannan a ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a cikakkiyar dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai, NDPC. Dokar ta bai wa mutum 'yancin sanin bayanan da aka tara a kansa, da neman a gyara ko a goge, da janye amincewar da ya bayar, da kai ƙorafi ga hukumar. Ta wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ta kuma shafi kamfanin da ba ya Najeriya matuƙar yana sarrafa bayanan mutanen da ke cikinta. Tarar manyan masu sarrafa bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Nijar ta yi tata dokar a 2017, ta sake sabuwa a watan Disambar 2022, hukumar HAPDP ce ke kula da ita. Gana ta riga su tun 2012, yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanai kuwa, wadda aka amince da ita a 2014, sai a watan Yunin 2023 ta fara aiki.

Hukumomin Najeriya sun nuna suna iya tunkarar babban kamfani, domin a watan Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, bayan binciken da ta yi tare da NDPC. Sai dai dokar 2023 doka ce ta bayanai, ba ta ce komai ba kan yadda za a ƙera na'ura, ba ta hana shigo da kyamara mai lambar sirri 123456 ba, ba ta tilasta a rubuta a jikin kwali shekarun da za a yi ana sabunta manhaja ba. Ikonta a kan kamfanin waje ma yana da wuyar aiwatarwa idan kamfanin ba shi da ofis ko wakili ko ma suna a jikin kayan. Abin da nake tsoro shi ne, yayin da Turai take rufe ƙofa ga kayan da ba su cika sharaɗi ba, masu ƙera su za su nemi kasuwar da ba a tambaya. Hanyar toshe wannan tana nan a hannu, tunda hukumar NCC ta riga tana tantance kayan sadarwa kafin a sayar, hukumar SON kuma tana da tsarin duba ingancin kayan da ake shigowa da su. Sharuɗɗa uku irin na Birtaniya ba su fi ƙarfin a ƙara su a cikin wannan tantancewa ba, a ɗora alhakin a kan mai shigo da kaya, wanda shi ana iya samunsa.

Tunda na danna "na amince" lokacin da nake saita na'urar, ai na ba da izini ke nan?

A idon doka, amincewa sai an bayar da ita da sani, a kan takamaiman abu, ba tare da tilas ba, kuma doguwar takarda da Turancin lauyoyi wadda ba a barin mutum ya wuce sai ya danna ta yi nisa da wannan. Ko da an ɗauka amincewar ta inganta, mutum ɗaya ne ya bayar da ita, wato wanda ya saya. Uwargida da amarya da yara da mai aikin gida da baƙuwar da ta zo barka ba wanda ya tambaye su, alhali su ne suka fi daɗewa a gaban kyamarar, kuma wanda yake riƙe da asusun yana samun iko a kansu wanda ba su da hanyar dubawa. Mafi ƙarancin adalci shi ne kowa a gidan ya san inda na'urar take, da abin da take ɗauka, da wanda yake iya kallo.

Maƙwabcina ya kafa kyamara tana kallon ƙofar gidana. Yana da wannan 'yanci?

Kotuna a Turai sun taɓa duba irin wannan. A watan Disambar 2014 kotun Tarayyar Turai ta yanke, a shari'ar wani mutumin Jamhuriyar Cek, cewa kyamarar gida da take ɗaukar hanyar jama'a ba ta shiga rangwamen da dokar bayanai ta yi wa harkokin cikin gida ba. A watan Oktoban 2021 wata kotu a Oxford ta Ingila ta samu wani mutum da laifin keta dokar bayanai saboda kyamarorinsa, musamman ganin yadda makirufon ƙararrawar ƙofarsa yake ɗaukar maganar mutane daga nesa. Dokar Najeriya ta 2023 ta ware abin da mutum yake yi don kansa ko gidansa, amma da sharaɗin kada ya keta haƙƙin sirrin wani. Tun kafin a kai ga hukuma, al'ummar da ta san hanin da ke cikin aya ta 12 ta Suratul Hujurat game da bin diddigin asirin mutane tana da abin da za ta kafa hujja da shi, kuma yawanci magana ta fahimta, ko ta hannun mai unguwa, tana isa a karkatar da kyamarar a kashe makirufonta.

Me mai saye zai iya yi da kansa kafin doka ta iso?

Tambayar farko ita ce ko kayan yana buƙatar intanet ɗin kuwa. Kyamarori masu naɗa a kan na'urar da ke cikin gida suna aikinsu ba tare da an jona su da waje ba, talabijin ma yana nuna tashoshin dish ko ba a ba shi Wi-Fi ba. Idan har sai an jona, to a zaɓi kayan da ke da sunan kamfani da shafin da ake sauke sabuntawa, mai gida ya buɗe asusun da kansa a wayarsa da lambarsa, ya bar mai haɗawa ya yi aikin waya da ɗauri kawai, in kuwa an riga an yi akasin haka, a mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta a sake saita ta daga farko, domin canza kalmar sirri kaɗai ba lallai ya cire wanda aka riga aka ba izinin kallo ba. A sa kalmar sirri doguwa wadda ba a amfani da ita a wani wuri, a kunna tabbatarwa ta mataki biyu idan manhajar tana da ita, a canza kalmar sirrin na'urar rarraba intanet ita ma, tunda ta nan komai yake bi. A cikin saitin talabijin akan sami wurin kashe gane abin da ake kallo, a cikin na lasifika kuma wurin goge muryoyin da aka adana da hana ma'aikata sauraro.

Idan na sayi na hannu, ko zan sayar da nawa?

Kayan hannu yana iya kasancewa har yanzu a ɗaure da asusun mai shi na farko, wanda zai ci gaba da ganin hoto ko wurin da mota take, don haka kada a biya kuɗi sai an ga na'urar ta karɓi sabon asusu. A duba kuma ko kamfanin yana ci gaba da sabunta wannan samfuri, domin tsohuwar na'urar da aka daina kula da ita duk ɓarakar da aka gano a cikinta a buɗe za ta zauna. Mai sayarwa shi ma ya cire na'urar daga asusunsa, ya mayar da ita saitin masana'anta, ya zare katin ajiyar da ke cikin kyamara, idan mota ce kuma ya goge lambobin waya da adireshin gida da ke cikin allonta, ya cire layin da ke cikin tirakar ko ya miƙa asusunta ga sabon mai ita a gabansa.